Saura Kalma Ɗaya

Litinin, bayan an taso makaranta

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Rediyo ƙawata da ta san cikina da bayana. Ban taɓa karanta littafin Baba ba.

To, na rubuta.

Baba marubuci ne. Littafinsa ɗaya tak aka taɓa bugawa, tun ina goye, mai koren bango, kuma yawancinsa na nan gidanmu cikin kwalaye. A kan wasu aka ɗora talabijin, ɗaya kuma Auta ke takawa ya kai ga famfo. Wallahi na sha buɗe shi da kyakkyawar niyya. Labarin wani tsoho ne mai gyaran agogo, kuma har inda na kai babu wanda ya kalli wani gabansa ya faɗi. Tsoho ya kwance agogo, tsoho ya ɗaure agogo. Sai barci.

Abin da na yi shi ne, na ɓare bangon guda ɗaya a hankali, nake sa littattafan soyayyar da Rediyo ke ba ni aro a ciki. Girmansu ɗaya kamar an auna. Sai Baba ya zo wucewa ya gan ni riƙe da koren bango, idona ya yi ja, ya tsaya yana murmushi.

"Uwata, kin sake komawa? Wane wuri ne ya sa ki kuka?"

"Wajen ƙarshe, Baba."

Sai ya gyaɗa kai ya ce shi ma nan ne ya fi ba shi wuya. Na taɓa ji yana gaya wa wani abokinsa cewa mai karatunsa ɗaya ce a duniya, amma ta ishe shi.

Ban san abin da ya sa yau nake rubuta wannan ba. Gidan ne ya yi shiru da yawa. Mama na gidan Anti, yayarta, tun ranar Juma'a. Ta je hutawa. Haka aka ce mu ce.

Talata, da sassafe

Baba ya ƙona shayi. Ban san ana iya ƙona shayi ba sai yau. Ya ɗora, wata jimla ta zo masa, ya tafi ya bar shi har tukunyar ta yi baƙi.

Ba shi da tebur. A kan katakon gugar Mama yake rubutu, a tsaye, a bayan takardun da suka lalace a maɗaba'ar da yake duba musu kurakurai. Da fensir yake rubutawa, da jan biro yake kashewa. Da, kullum sai sun yi da Mama a kan katakon nan. Ta gama ɗinki tana son goge kayan mutane, shi kuma ya ce, "Saura kalma ɗaya." Ta ce, "Kalmar nan taka ta girmi Auta." Mu yi ta dariya. Yanzu katakon nasa ne shi kaɗai, amma na lura tsayawa kawai yake yi yana kallonsa.

Bai sa rigar aiki ba. Tun ranar tabarau bai ƙara sa ta ba. Ba na son in rubuta ranar tabarau.

Auta ya ce, "Baba, yau ma hutu aka ba ku?"

"Sha shayinka."

"Ɗaci ne da shi."

"Haka na manya yake. Sha."

Laraba, da rana

Keken ɗinkin Mama na rufe da zanensa. Ina ta wuce shi, ina kallon ɗaya bangon.

Alhamis, a makaranta, lokacin hutu

Rediyo ta kawo sabon littafi, na yayarta ne. Ta ce, "Wannan tawul za ki nema, hankici ba zai yi ba." Na sa shi cikin koren bango tun a aji.

Muna zaune a bayan ɗakin gwaje-gwaje sai ta ce, "Wai gaskiya ne babanku ya bar aiki tun zangon da ya wuce?"

"Wa ya ce miki?"

"Yayata ce ke ganinsa a laburare kullum da safe, da rigar aikinsa da jaka, a kujerar lungu yana ta rubutu. Ta zaci can aka mai da shi. Kuma wai mamanku ta bi shi maɗaba'a da tabarau ɗin da ya manta, sai mai gadi ya ce mata..."

"Rediyo, a kashe."

Ta kashe. Ta raba biskit ɗinta ta ba ni babban ɓarin, abin da ba ta taɓa yi ba.

A littattafai, in mace ta tafi, mijin yakan tuƙa mota cikin ruwan sama, ya tsaya a ƙofar gidansu har ya jiƙe sharkaf. Baba ba shi da mota. Ko da ya je ma, na san abin da zai fara yi. Zai tsaya ya karanta allon kantin maganin da ke ƙasan benen Anti, ya ce an ci ƙugiyar ɗ.

Na kasa zama wuri ɗaya. Malamar lissafi ta ce ko cinnaka ne a rigata.

Asabar, da yamma

Mun je gidan Anti ni da Auta. Mun tarar da Mama ta warware bakin labulen Anti tana sake ɗinke shi da hannu, alhali babu abin da ya same shi. Hannunta bai iya zama haka kawai ba.

Ta duba kunnen Auta, ta ce wa ke yi masa wanka haka. Sannan ba tare da ta kalle ni ba ta ce, "Ya aiko ki da magana?"

"Ya ce a gaishe ki. Ya ce ki yi haƙuri."

Ta yi wata dariya da ba dariya ba. "Yaya, kin ji ko? Ki yi haƙuri." Ta soke allurar a labule. "Tun kafin a haife ki nake jin ta. Ki yi haƙuri, saura babi ɗaya. Ki yi haƙuri, masu mujalla za su amsa. Ki yi haƙuri, a bar mini katakon zuwa anjima. Shi in ya ce haƙuri, jira yake nufi. Na kuwa jira. Na taɓa cewa kada ya yi rubutu? Wa ke feƙe masa fensir? Amma mutum ya tashi kullum ya sa rigar da na goge da hannuna, ya ce mini sai ya dawo daga..."

Auta ya shigo da gudu, ta haɗiye sauran.

Anti ta ce, "Kawunku zai zo da mota ya ɗauki keken, Asabar ɗin ƙarshen wata. Mutane na jiran ɗinkinsu, ba za a zauna haka ba."

Mama ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ni dai na san abu ɗaya. In keken nan ya fita daga gidanmu, ba hutu ba ne kuma.

Da za mu sauko ta biyo ni bakin matakala. "Yana shan maganin cikinsa?"

"Yana mantawa."

"Ki ajiye masa kusa da fensir. Nan kaɗai idonsa ke gani."

Lahadi, da hantsi

Na gaya wa Baba abin da Mama ta ce game da haƙuri. Ban san ko ya kamata ba. Bakina ne ya riga ni.

Ya tsaya cak da kofi a hannu, da irin fuskar da yake yi in ya kama kuskure a jarida.

"Ta yi gaskiya," ya ce. "Kalma ɗaya ce take ɗaukar kaya biyu. In na taka miki ƙafa, in ce ki yi haƙuri. In na shanya ki a rana kina jirana, in ce ki yi haƙuri. Ni kuwa na cinye ta kaf a wajen jira. Yanzu da na taka ƙafar, na juya babu saura."

Ya ajiye kofin a kan talabijin, inda zai manta da shi. Ya jawo takarda. "Wasiƙa zan rubuta mata. Ke za ki kai."

Wasiƙa! Na shiga ɗaki na rungume filo. Ashe a gidanmu ma ana irin wannan.

Litinin, da safe

Ya ba ni ita a ambulan, a liƙe, in biya in kai bayan makaranta. Ina ɗaura takalmi a bakin ƙofa sai na ji, "Uwata! Kawo tukuna. Saura kalma ɗaya."

Talata, bayan makaranta

Yau har na shiga mota. Na zauna ta taga, ambulan na cikin jaka, sai ga Baba da silifas ɗin wanka yana ɗaga hannu. Yaron mota ya ce, "Malam, in shiga za ka yi ka shiga!" Baba ya ce ba shiga zai yi ba, saƙo zai karɓa. Na miƙa masa ta taga.

Wata mata a bayana ta ce, "Takardar gado ce, 'yan mata?" Duk motar aka kwashe da dariya. Na sa fuskata cikin jaka har muka isa.

Laraba, da rana

Yau ko ba ni ita bai yi ba. Ina jin sa yana kai da komo a baranda yana magana shi kaɗai, yadda yake yi in babi ya ƙi.

"Ki yafe mini. Ki gafarce ni. Yafe. Gafarta. Afuwa. A'a, afuwa ta gwamnati ce."

Muna cin abinci ya ce, "Uwata, wanne ya fi nauyi, na yi kuskure ko na yi laifi?"

Kafin in buɗe baki Auta ya ce, "Laifi ne ake dukan mutum a kai."

Baba ya dube shi, ya ciro biro ya rubuta a tafin hannunsa. Shinkafarsa ta huce.

Na share ɗaki, na sake sharewa. Na canja wa gadona wuri, na mai da shi inda yake.

Alhamis, da yamma

Ya gani.

Na bar koren bangon a kan kujera na fita kwashe shanya. Da na dawo na tarar da shi tsaye, littafin a buɗe a hannunsa. Ashe wani wuri yake nema da ya taɓa rubutawa, yana son ya sa a wasiƙar, sai ya ɗauki wanda ya fi kusa.

Ya karanta a fili, da muryar karanta sanarwa: "Ya ke hasken idaniyata, in babu ke numfashina ma na aro ne." Ya juya ya kalli bangon. Ya sake kallon cikin. "Ban tuna na rubuta wannan ba."

Kayan shanya na hannuna. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Tun yaushe?"

"Baba..."

"Har wajen ƙarshen nan da ke sa ki kuka?"

Ya zauna a kan kwalin da Auta ke takawa. Ya daɗe yana shafa bangon da babban yatsa, daidai wurin sunansa.

"To," ya ce. "Ashe lissafin nawa ma akwai gyara."

Na fara kuka, na gaske, ba na littafi ba. Na ce zan karanta, wallahi yau zan fara. Ya ɗaga hannu ya ce kada in rantse a kan abin da ba dole ba. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "A cikin irin waɗannan, in ta tafi, yaya ake yi ta dawo?"

Na share hanci na ce, "Yakan je ya durƙusa. Ko ya kwanta rashin lafiya ta ji labari. Ko ya rubuta mata."

"Ara mini shi."

Juma'a, da safe

Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi.

Asabar, da hantsi

Ya dawo mini da littafin. Innalillahi. Ja ko'ina. Duk inda aka rubuta "zuciya ta" a rabe ya haɗe shi, kuma a littafin nan babu shafin da babu zuciya. Littafin yayar Rediyo!

Ya ce, "Marubuciyar tana da kunne, ta san yadda mutane ke faɗa. Wajen da uwar ta kama su a waya ya yi kyau ƙwarai. Amma mutumin nan ya kira yarinyar tauraruwa, ya kira ta zuma, ya kira ta fure, har aka kai ƙarshe bai faɗi abin da ya yi mata ba. Me ta yafe ke nan?"

"Baba, ai soyayya ce."

"Uhm," ya ce. Ya koma katako.

Ba mu je gidan Anti ba yau. Na ce kaina ke ciwo. Gaskiyar ita ce ba na son in je hannu sake.

Lahadi, da yamma

Na buɗe kwali na ciro na gaske, mai bango da ciki duka nasa. Har yanzu tafiyar hawainiya yake yi, ba zan ɓoye ba. Amma can ciki akwai matar mai agogon. Tana zura zare a allura da ido ɗaya a rufe, tana yanke shi da haƙorin gefe, kuma in ranta ya ɓaci sai ta nemi abin da bai yage ba ta ɗinke.

Na daɗe a shafin. Daga nan tsohon ya koma kwance agogo, na rufe. Ban gama ba. A nan dai ba zan yi ƙarya ba.

Litinin, bayan makaranta

Rediyo ta buɗe littafin ta ce, "Wa ya yanka kaza a ciki?" Na ba ta labari duka, har na bangon. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ce ta mutu a hannun yayarta, sannan ta ce, "Ke ma dai! Ki rubuta wasiƙar mana da kanki, ki ce shi ne. Wa ya fi ki sanin yadda ake yi? In kika jira babanku sai an ɗauke keken da katakon da ku duka."

Na rubuta a darasin lissafi. Ban taɓa sanin abu na iya zubowa haka ba. "Ya ke zumar rayuwata, tun da kika tafi rana ta daina shigowa ta tagarmu." Na kwaikwayi hannun Baba, yadda yake jan ƙugiyar ƙ kamar wutsiyar kyanwa. Rediyo ta karanta ta yi hawaye. Ta ce ko dutse ne zai dawo gida.

Ina ta taɓa jakar in ji ko tana nan.

Talata, da rana

Asabar ta matso. Na ƙi kallon kalanda, sai Auta ya tambaye ni yau nawa ga wata.

Laraba, da yamma

Na kai ta gidan Anti. Na zauna da jaka a cinya na kasa buɗewa. Don in sami hanya sai na ce, "Mama, da can Baba ya taɓa rubuta miki wasiƙa?"

"Shi?" Ta ajiye allura. "Ni ce na rubuta masa. Ya dawo mini da ita da jan biro."

Anti ta leƙo daga kicin ta ce, "A ranar na ce mata ta gudu, ba ta ji ba."

"Ya gyara mini wuri-wuri," in ji Mama, "sannan a can ƙasa ya rubuta, 'Ma'ana ta fito sarai. Ni ma haka.' Shi ke nan fa! Ita ce wasiƙar soyayyar da na samu a duniya." Ta yi dariya, ta gaske wannan karon, har ta goge ido da bakin mayafi. "Ubanku bai iya zaƙin baki ba. Ranar da ya kira ni zuma, asibiti zan kai shi."

Zuma ce kalma ta uku a wasiƙata.

Ban fito da ita ba. Da na sauko na yayyaga ta na zuba a kwandon sharar mai kantin magani. Ya ce, "Jarrabawa ce ba ta yi kyau ba?" Na ce e.

Anti ta leƙo ta taga ta ce in gaya wa Baba a haɗa zaruruwa da almakashi wuri ɗaya, kada Kawu ya zo yana jira.

Alhamis, da safe

An naɗe katakon guga an jingine shi a bango.

Baba ya yi aski. Ya sa rigar aiki, shi ya goge ta da kansa, hannun ya fito da kari biyu. Babu fensir a bayan kunnensa. Ya ce zai je ya ga wani mutum a wata maɗaba'a. "In na dawo zan gaya miki yadda aka yi. Yadda aka yi ɗin, ba yadda na so ba."

Tun ina ƙarama nake fatan ya daina surutun nan nasa a baranda in sami barcin safe. Yau babu. Na tsaya a barandar ni kaɗai kamar wadda ta yar da wani abu.

Alhamis, da yamma

Baba ya dawo ya ce, "Sun ce in koma mako mai zuwa. Ba su ce e ba."

Daga nan ya yaye zanen keken. Ya sa masa mai, ya goge shi lungu-lungu da tsumma, ya jera zaruruwa cikin gwangwani, ya ɗaure almakashi da ƙyalle. Yana shirya wa Kawu shi ke nan.

Na ce, "Baba, wasiƙar fa?"

"Ba ta yi ba, Uwata. Ba a aika abin da bai yi ba."

"Saura kalma ɗaya?"

"Saura duka."

Na ji kamar in girgiza shi. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu.

Juma'a, da rana

Ya ba ni tulin takardu ya ce in zuba a shara. Duka na wasiƙar ne. Na kai bakin kwandon, sai idona ya faɗa kan ta sama. Ban yi niyyar karantawa ba. To, na yi niyya.

Ba ta da kyau ko kaɗan. Akwai zoben kofin shayi a kanta, bayanta kuma tallan wani kantin fenti ne da aka buga a karkace. Kusan kowane layi an soke shi da ja, kuma a gefe ya yi wa kansa irin abin da yake yi wa marubutan maɗaba'a.

"Ki yi haƙuri." An soke. A gefe: ta ƙoshi.

"Ki yafe mini." An soke. A gefe: umarni ne wannan, wa ya ba ka?

"Domin mu na yi." An soke sau biyu har takardar ta huje. A gefe: ƙarya.

"Littafin ya kusa." A gefe: ba ka jin kunya?

"Gidan ya yi duhu babu ke." A gefe: daga littafin yarinya ka sato.

Abin da ya tsira kaɗan ne, da fensir, can ƙasa. "Kullum da safe kina goge rigar ina kallo, ban faɗa ba. Laifi ne, ba kuskure ba. Ba jira nake roƙo ba. Abin da nake roƙo shi ne"

Daga nan babu komai. Ko aya babu.

Na zubar da sauran. Wannan tana cikin littafin lissafina.

Juma'a, da yamma

Ya ce in zubar. Bai ce in karanta ba, balle in ajiye. Na riga na yi masa ɗaya da koren bango, in ƙara masa wata? Wannan tsiraicinsa ne. Baba ko katin gaisuwa ba ya bari ya fita sai ya kwana a hannunsa.

Kuma in Mama ta gani ta ce, kin gani ko, ko wasiƙa ya kasa gamawa?

Na fito da ita. Na mayar. Na fito da ita. Auta ya ce me nake ɓoyewa, na ce jarrabawa.

Keken na bakin ƙofa, an ɗaure shi da igiya.

Asabar, da sassafe

Kawu ya ce da hantsi zai biya ya ɗauki Anti, sannan su zo nan. In na bi motar farko zan riga shi.

Na zauna da fensir a hannu na daɗe ina kallon layin ƙarshe. Na san kalmomi da yawa da za su zauna a wurin, masu daɗi, na sha karanta su. Na ajiye fensirin. Ba zan cike ba, ba zan kwafe ta a takarda mai kyau ba, ko ambulan ba zan sa ta ba. Yadda take da jan nan nata duka.

Ba kuma a ɓoye zan fita ba. Baba na kicin yana tsaye a kan shayi, yau bai matsa ko'ina ba. Zan tsaya a bakin ƙofa in ce, Baba, ban zubar da ta sama ba, zan kai wa Mama. In ya kira ni ba zan juyo ba. In ya biyo ni da silifas, ba ta taga zan zauna ba.

A hannunta zan sa, ba a hannun Anti ba. In ce, ga shi, bai gama ba.

Auta na neman takalminsa ɗaya a ƙarƙashin gado. Yana samu mun tafi.